Tsakanin Sin da kasuwar duniya, wa ya gina wani? Fashin baƙi daga Damagaram

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Damagaram yana iya tuna watan Janairun 1994. Ranar 12 ga watan aka wayi gari an karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa da ake samu da sefa 50 ya koma 100, magani da taya da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi. Abin da ba kowa ya sani ba, kwana 11 kafin nan ƙasar Sin ita ma ta taɓa nata kuɗin. Dalar Amurka da hukuma ke bayarwa a kan yuwan 5.8 ta koma 8.7, wato aka daidaita farashin gwamnati da wanda ƴan kasuwa suka riga suka saba canji da shi.

Magani kusan iri ɗaya aka sha cikin wata ɗaya, amma bai yi wa jikin biyu aiki ɗaya ba. Karya kuɗi yana sa kayanka su yi wa baƙo araha, don haka mai cin moriyarsa shi ne wanda ke da abin sayarwa da yawa, kuma zai iya ninka shi cikin gaggawa. Mu abin da ke hannunmu shanu ne da wake da albasa da uraniyom, saniya kuwa ba ta haihuwa sau biyu a shekara don kuɗi ya karye. Su kuwa Sinawa sun riga sun kwashe shekara 15 suna jera masana'antu a bakin teku. Da mai saye ya ce a ƙaro, sai kawai a ƙara injin, a ɗauki sababbin ma'aikata, a yi aikin dare.

Kalmar dunƙulewar duniya da ake yawan ji a rediyo tana da saurin ruɗarwa, sai ka ɗauka wani sabon abu ne ya faɗo daga sama. Damagaram ta san kasuwar nesa tun zamanin Sarki Tanimu, lokacin da ayarin raƙuma ke ɗaukar jemammiyar fata da gashin jimina su bi ta Agadas har Tarabulus, su dawo da takarda da yadi da bindiga. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanya ta juya kudu, ayari ya mutu. Abin da ya sauya a namu zamanin shi ne kuɗin dako. A 1956 wani mai motocin ɗaukar kaya a Amurka, Malcom McLean, ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa maimakon a riƙa jidar kaya buhu-buhu. Lodin tan ɗaya da ke cin kusan dalar Amurka 6 ya sauko zuwa santi 16. Wannan akwati shi ne kwantenar da muke gani yau a bayan tirela. Mai ƙafa 20 tana cin kaya kamar kubik mita 28 idan an tsara da kyau, doguwa mai ƙafa 40 kuma wajen 68, manyan jiragen yanzu suna ɗaukar ƙananan har 24,000 a tafiya ɗaya.

Idan dako ya yi araha haka, babu dalilin ƙera abu ɗaya a wuri ɗaya. Sai aka yanka aiki gunduwa-gunduwa: zane a Amurka, ƙwaƙwalwar na'ura a Taiwan ko Koriya, allo a Japan, haɗawa da ɗaure kusoshi a inda hannu ya fi araha. Wani lissafi da aka yi a 2010 kan wayar iPhone ya nuna kuɗin ƙera ta dalar Amurka 179 ne, amma ladan haɗawa da ya rage a Sin bai wuce dala 6.5 ba. Da wannan ɗan guntun rabo Sin ta shiga.

Ƙofa a buɗe, amma da mai gadi

A watan Disamba na 1978 jam'iyya mai mulki, ƙarƙashin jagorancin Deng Xiaoping, ta amince da sauya hanya. An fara ne daga gona. Aka bar kowane gida ya noma rabonsa, ya biya gwamnati abin da aka yanka masa, ya sayar da ragowar. Amfanin gona ya ƙaru, sai ga hannaye masu yawa a ƙauye babu aikin yi. A 1980 aka keɓe yankuna huɗu a kudu, Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen, aka ce a nan baƙo zai iya kafa masana'anta, ya shigo da kayan haɗi ba tare da biyan kuɗin duwan ba, muddin abin da ya ƙera waje zai fita. Ba da ka aka zaɓi wuraren ba, dukkansu suna kallon Hong Kong ko Makau ko Taiwan, inda ƴan uwansu masu jari suke neman hannu mai sauƙi. Gundumar Shenzhen mai mutum dubu 300 da ɗoriya a lokacin yau ta haura miliyan 17.

Ma'aikatan kuwa ƴan cirani ne, kamar yadda matasan Tanut da Mirya ke tafiya Kano ko Libiya bayan girbi, sai dai su adadinsu ya kai kusan miliyan 300. Akwai takardar rajistar gida da ake kira hukou, wadda ke ɗaure mutum da garin haihuwarsa. Yana iya aiki a birni amma ba shi da cikakken haƙƙin makarantar ƴaƴa da asibiti a can. Wannan ya taimaka wajen danne albashi shekaru da yawa, kuma yana cikin farashin da talakan Sin ya biya, tare da gurɓatar iska da ruwa, da miliyoyin ma'aikatan kamfanonin gwamnati da aka sallama a ƙarshen shekarun 1990.

Ranar 11 ga Disamba 2001, bayan shekara 15 ana ciniki, Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya. Ta rage harajin shigo da kaya daga kusan kashi 15 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 10, ta samu tabbacin ba za a rufe mata kasuwar Amurka da Turai da rana tsaka ba. Mai jari tabbaci yake nema, sai kamfanoni suka kwararo. Wajen 2005 fiye da rabin kayan da Sin ke fitarwa kamfanonin da ke da jarin waje ne ke ƙera su. A 2009 ta wuce Jamus a fitar da kaya, a 2010 ta wuce Japan ta zama ta biyu a girman tattalin arziki.

Nan ne masu cewa buɗe ƙofa kawai ta yi suke tafka kuskure. Ƙasashenmu ma sun buɗe ƙofa a shekarun 1980 da 1990, har ma suka cire ƙyauren. Sin ta buɗe ne tana tsaye a bakin zaure. Mai son ƙera mota a can dole ya haɗa jari da kamfanin gida, rabonsa kada ya wuce kashi 50, haka Volkswagen ya shiga Shanghai a 1984. Ba a cire wannan sharaɗi gaba ɗaya ba sai 2022, shekara ɗaya bayan nan kuma Sin ta wuce Japan a fitar da motoci. Da ta tashi gina jirgin ƙasa mai gudun tsiya, daga 2004 ta sayi jirage wajen Kawasaki da Alstom da Siemens da Bombardier, bisa sharaɗin a ba ta fasahar, a kuma haɗa yawancinsu a masana'antunta. Yau layin dogon irin wannan jirgi a Sin ya wuce kilomita 45,000, da jiragen ƙirar gida. Bankuna suka zauna a hannun gwamnati, ba a bar kuɗi ya fita yadda ya ga dama ba, babban banki ya riƙa saye dalolin da ke shigowa don kada yuwan ya yi tsada, har ajiyarsa ta kusa dalar Amurka tiriliyan 4 a 2014. Kowace shekara ana neman a karɓe wani mataki na aikin daga hannun baƙo a mayar da shi gida.

Ranar da mai sayarwa ya zama mai saye

Masana'anta ciki gare ta. Tun 1993 man da Sin ke haƙowa ya daina isar ta, a 2017 ta wuce Amurka ta zama ta farko a sayen ɗanyen mai, yanzu tana shigo da wajen ganga miliyan 11 kowace rana. Fiye da rabin ƙarfen duniya a can ake narka shi. Mai saye irin wannan idan ya shigo kasuwa, farashi ba ya zama inda yake. Gangar mai da ba ta kai dalar Amurka 30 ba a farkon shekarun 2000 ta taɓa 147 a watan Yulin 2008. Uraniyom da ake sayar da laba ɗaya wajen dala 10 ya haura 130 a 2007. Ba Sin kaɗai ta jawo haka ba, amma ita ce babbar sabuwar buƙata.

Wannan tashin farashi shi ya tono man Agadem, a hamadar gabashin Nijar. An san da man tun shekarun 1970, kamfanonin Yamma sun yi ta haƙa rijiyoyin gwaji, na ƙarshensu Esso da Petronas suka tattara a 2006. Lissafinsu bai fita ba: mai a tsakiyar hamada, teku na nesa da kusan kilomita 2,000, ga gwamnati na neman a gina matata. CNPC kuwa kamfanin mai ne na gwamnatin Sin, yana da bankunan gwamnati a bayansa, yana iya jiran riba fiye da mai hannun jarin da ke duba lissafi duk wata uku. A watan Yunin 2008 ya sa hannu da gwamnatin Tandja Mamadu, ya biya dalar Amurka miliyan 300 na sa hannu, ya ɗauki alkawarin rijiyoyi da bututu mai kilomita 462 da matata. A watan Oktoba na shekarar aka aza harsashinta a hanyar Tanut, kusa da Bakin Birji, kimanin kilomita 52 daga gari. Ranar 28 ga Nuwamba 2011 matatar, mai suna SORAZ, ta fara aiki: ganga 20,000 a rana, kashi 60 na Sinawa, kashi 40 na Nijar.

Ya kamata a tsaya a nan a lura. A duk huldar da ke tsakaninmu da Sin, matatar nan ce babban wurin da ake sarrafa abin da ƙasarmu ta fitar kafin ya bar gida, kuma ta samu ne don an rubuta ta cikin yarjejeniya aka ƙi sa hannu sai da ita. Dabarar da Sin ta yi wa Volkswagen ce aka yi mata.

Sai dai rubuta sharaɗi daban, iya tsare shi daban. Kuɗin ginin da aka fara faɗa dalar Amurka miliyan 600 ne, aka ƙare a 980, kuma bashi ne da ake cirewa daga kuɗin man. Wanda ba shi da injiniyoyi da masu binciken lissafi da za su bi kowace takarda tun ana gini, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa. Ga ƙanƙanta: matatar Dangote a Legas an gina ta ne kan ganga 650,000, ninki 30 da ɗoriya, kuma ƙaramar matata kullum kuɗin tace lita ɗaya ya fi yi mata nauyi. Da farko ƙasa ba ta shan fiye da ganga 7,000, ana fitar da ragowar. Amma SORAZ ta fi fitar da gazuwal a kan esansi, mu kuma babura da ƙananan motoci muka tara. Shekaru da yawa man bumburutu daga Najeriya ne ke rufe wannan giɓi. Da aka cire tallafin mai a can ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma rage lita a nan zuwa sefa 499 a 2024, sai kowa ya dawo gidan mai, a watan Maris na 2025 aka ga layin da ba a saba gani ba.

Babban bututun da ya tafi Seme a Jamhuriyar Benin, mai ɗaukar ganga 90,000 a rana, ɗanye yake fitarwa. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC a kan man da ba a riga an sayar ba, da ruwan kashi 7. Kowa ya ci ladan kuturu ya san abin da ke biyo baya. Wata ɗaya bayan nan rikicin iyaka ya sa Benin ta hana lodi, Sinawa ne suka shiga tsakani jirgin farko ya tashi. A Maris na 2025 kuma aka sallami shugabannin Sinawa uku na CNPC da SORAZ da WAPCO mai kula da bututun, babban dalilin da aka bayar shi ne tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Ƙasar da ke cewa ba ta shiga harkar cikin gidan kowa, jarinta ya jawo ta tsakiyar rigimar maƙwabta biyu.

Abin da ke cikin kwantena

Ɗaya fuskar tana Kasuwar Dole ta nan Damagaram. Ranar 1 ga Janairu 2005 aka soke tsarin da ya ƙayyade wa kowace ƙasa yawan yadi da tufafin da za ta sayar a Turai da Amurka. Masaƙun Sin suka faɗaɗa, atamfarsu irin su Hitarget ta cika Afirka ta Yamma, ana kwafar zanen da ya fito cikin ƴan makonni. Masaƙun Kaduna da Kano da dama can suna fama da rashin wuta da tsofaffin injuna suka durƙushe, babbar cikinsu UNTL ta rufe a 2007, abin mamaki kuma masu ita ƴan Hong Kong ne. Kada mu yi kamar ba mu da hannu. Najeriya ta hana shigo da yadi, sai ya riƙa sauka Kwatano da sunan kayan wucewa, ya hau ta Gaya, ya kwana a ɗakunan ajiya na Maraɗi da Damagaram, ya gangara Kantin Kwari. Gidajen bene nawa aka gina da wannan ciniki, masu shi sun sani. Dukawa da maƙera su suka ji a jikinsu, don takalmin roba da tukunyar shago sun fi ƙarfin farashinsu.

Amma wanda ya ce kayan Shinuwa hasara ce zalla bai tambayi ɗan kabu-kabu ba, bai tambayi mai lambun da ke ban ruwa da ƙaramin injin ko faifan hasken rana ba. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya kama kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka don ya kalli yadda muke rayuwa: gidan layi biyu saboda kiran wani kamfani tsada ne, batir mai kwana saboda wuta ba ta zama, kyamarar da ke fitar da baƙar fata. Masana'antar da ta koyi aiki tana yi wa Bature haɗi ta dawo tana yi wa talakan duniya zane.

Ga yadda kaya ke tahowa, don a nan ake ci a nan ake karyewa. Ɗan kasuwa, ko wakilinsa a Guangzhou ko Yiwu, yana zaɓar samfur ya yi ciniki. Al'adar ita ce a biya kashi 30 kafin a fara ƙira, kashi 70 kafin a saki kaya ko takardar jirgi. Ƙira na cin wata guda ko fiye. Wanda bai cika kwantena ba yana haɗa kaya da wasu, a caje shi gwargwadon wurin da kayansa suka ci. Kaya masu nauyi irin tayil da ƙusa nauyi ne ke tsayar da su, ƙaramar kwantena ba ta wuce tan 28, don haka mai wayo yakan sa mai nauyi a ƙasa ya cike sama da buta da takalmi. Teku na cin kwana 40 zuwa 50. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, yawancin kaya ta Lome suke bi, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja, a jira ayari ya haɗu, sannan daga Yamai a ƙara wajen kilomita 900. Ba abin mamaki ba ne kuɗin mota daga tasha zuwa nan ya fi na jirgi daga Sin zuwa tasha. Idan takardu suka makara kwanakin kyauta suka ƙare, kamfanin jirgi na cajin kwantena kullum, tasha ma na cajin wurin ajiya.

A duwan, a ce kaya da dakon teku da inshora sun tashi sefa miliyan 10, kuma kayan gamammu ne masu harajin kashi 20. Miliyan 2 ke nan. Harajin kashi 19 na saye da sayarwa a kan miliyan 12 ake lissafa shi, ba a kan 10 ba, wato miliyan 2.28. An kai miliyan 14.28 tun ba a sa ƙananan haraji da ladan mai fitar da kaya da kuɗin mota ba. Wasu kayan ma kashi 35 ne. Sannan ga canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, ciniki kuma da dalar Amurka ake yi. A farkon 2021 dalar tana wajen sefa 540, a Satumban 2022 ta haura 680. Takardar dala 20,000 da ke cin miliyan 10.8 ta koma 13.6 ba tare da masana'anta ta ƙara ko sisi ba. Daga biyan kafin alƙalami zuwa ranar da kaya za su hau kanta ana iya shafe wata biyar kuɗi na barci. Wanda ya yi odar kayan Sallah bai lissafa hutun sabuwar shekarar Sinawa ba, lokacin da masana'antu ke rufewa makonni a Janairu ko Fabrairu, bayan Sallah zai karɓi kayansa.

Maganar jabu kuwa, sau da yawa a wurin ciniki ake haifar ta. Masana'anta ɗaya tana iya fitar da abu ɗaya hawa uku. Idan mai saye ya matsa a rage farashi, ba za a ce masa a'a ba, za a rage ne a inda ido ba ya gani: wayar wuta ta zama alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, kwanon rufi ya sirance, batir ya rage nauyi, faifan hasken rana a manna masa lambar da ta fi ƙarfinsa. Iya kuɗinka iya shagalinka. Maganinsa a rubuta kauri da nauyi da irin ƙarfe a takardar ciniki, a ajiye samfur mai sa hannu, a buɗe kwalaye a auna kafin a biya kashi 70. Sikeli da abin auna kauri sun fi rantsuwa amfani. Ƙasa kuma idan ba ta gwada kaya a bakin iyaka, mai kawo na ƙwarai shi ke fara rufe shago.

Kasuwa ta rama

Wanda ya girma har ya cika ɗaki dole a fara ture shi. Ma'aikatan masana'antu a Amurka sun ragu daga miliyan 17 a 2000 zuwa ƙasa da 12 a 2010. Injuna ma sun ci nasu rabon, amma a siyasa Sin aka nuna da yatsa. Daga 2018 aka ɗora wa kayanta harajin da ya kai kashi 25, a Oktoban 2022 aka hana sayar mata da manyan ƙwaƙwalen kwamfuta da injunan ƙera su, a Afrilun 2025 harajin ya taɓa kashi 145 kafin a sassauta. Ita ma ta gano makaminta, ta riƙa taƙaita fitar da ma'adinan da ake maganaɗisun mota da jirgi da su, waɗanda kusan duk a can ake tace su. A gida albashi ya tashi, masu ɗinki da takalmi suka fara ƙaura zuwa Biyetnam da Bangaladash da Habasha, yawan jama'a ya fara raguwa a 2022, harkar gine-gine ta durƙushe bayan kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021.

Wannan ya shafe mu ta hanya biyu. Bashin manyan ayyuka ya ja baya: abin da bankunan Sin suka ranta wa Afirka ya haura dalar Amurka biliyan 28 a 2016, a 2022 bai fi wajen biliyan 1 ba. Kayan da aka rufe wa ƙofa a Yamma kuma, kuma ba a iya shanye su a gida, dole su nemi inda za su sauka. A 2024 Sin ta sayar wa Afirka kayan wajen dala biliyan 178, ta saya na 117. Mai saye a Kasuwar Dole zai ga araha, mai niyyar kafa ƙaramar masana'antar roba ko kwano zai ga abokin takarar da ba ya gajiya.

Buƙatar Sin ba ta san girman garken kowa ba. Ana dafa fatar jaki a can a yi wani magani mai suna ejiao. A 2016 jakunan da aka fitar daga Nijar sun kai 80,000 cikin wata tara, alhali a duk shekarar 2015 guda 27,000 ne, farashi ya ninka har mai ɗiban ruwa ya kasa sayen jaki. Gwamnati ta hana fitarwa a shekarar, Tarayyar Afirka ta bi sahu a Fabrairun 2024.

Riɗi ya fi wannan daɗin ji. Sin na shigo da wajen tan miliyan 1 a shekara, Nijar na cikin manyan masu kai mata, ko da yake wani kaso na abin da ke fita da sunanmu daga gonakin Najeriya yake tsallakowa. Mai saye yana neman tsabta kashi 98 zuwa 99, danshi kada ya wuce kashi 6 ko 7, tsamin mai kada ya wuce kashi 2. Manomin Magarya ko Dungas da ya kakkaɓe riɗinsa a ƙasa maimakon kan leda, ko dillalin da ya ƙara yashi don tiya ta yi nauyi, su ke sa a zabge farashin kowa. Buhu mai kilo 50 ake yi, ƙaramar kwantena na cin tan 19.

Tun 1 ga Disamba 2024 Sin ta cire haraji kan duk kayan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da ke hulɗa da ita, har da Nijar, kuma sassaucin bai tsaya ga ɗanyen kaya ba. Tan 19 na riɗi idan aka matse shi yana ba da mai wajen tan 8 zuwa 9, ya bar tunkuza kusan tan 10, abincin da masu kiwo ke nema ido rufe daga Maris zuwa faɗuwar ruwa. A yanzu duka biyun a Sin suke ƙarewa, mu kuma mu biya dakon tunkuzar har teku. Kafin a matse shi a nan a sayar musu, dole masana'antar ta yi rajista da hukumar duwan ta Sin, kamar yadda dokarsu ta 2022 ta wajabta wa duk mai kai musu abinci. Dole a samu ɗakin gwajin da za a yarda da takardarsa kan guba da ragowar maganin ƙwari, da jarin sayen riɗin shekara guda cikin wata ukun kaka, da wutar da ba ta yankewa injin na tsakiyar aiki. Layin da ke kawo wuta yankin nan daga Katsina ta Gazawa, an kashe shi a Agustan 2023, bai dawo ba sai Maris na 2024.